Barcin Makau

Makau ya gama alwala tun ɗazu, amma butar tana hannunsa. Munira ta lura da haka ne a wucewa, tana dawowa daga makarantar da take koyarwa, littattafan yara rungume a ƙirjinta. Ya dire gindin butar a ƙasa, ya sunkuya, yatsunsa na nan nannaɗe da mariƙin kamar an ɗinke su. Sai ya kawo hannun hagu ya ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya, ya yarfe hannun sau biyu, ya ɗago ya gan ta.

"Malama, an taso?"

"An taso, Baba. Ya ƙarfin jiki?"

"Da sauƙi. Butag ga ce ta ƙi saki na, ƙauna ta yi yawa."

Ta yi murmushi, ta sunkuyar da kai, ta shige gida.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidansu da na Makau a Anka, kuma duk unguwar an san hannunsa. A bakin masallaci ana tsokanarsa cewa duk wanda zai ba shi hannu ya tanadi gaisuwa mai tsawo, don sai an tambayi iyali da gona da awaki kafin ya saki. An kuma san barcinsa. Facin taya yake yi a gindin dogon yaron da ke ƙofar gidansa, kuma ba abin mamaki ba ne mai babur ya same shi yana gyangyaɗi da tiyub a cinya, rana tsaka. Fuskarsa ta zurma, fatar idonsa ta sauko, muryarsa ta koma ta hanci. Babu mai tambayar dalili, don kowa ya san dalilin. Shekara biyar ya yi yana niƙa dutsen zinariya a Abare, kafin a gano gubar dalmar da ta kwashe yara a ƙauyukan nan. Tun daga lokacin, a wannan yanki, in hannun mutum ya mutu dalma ce, in yaro ya suma dalma ce, in akuya ta yi tangaɗi ma sai an sami mai cewa ta lashi ƙasar injin.

Munira ma haka ta ɗauka, har ranar da aka kawo Lubabatu.

Lubabatu ita ce babbar 'yar Makau, tare suka yi wasan ƙasa da Munira kafin ɗaya ta tafi jami'a a Sakkwato ɗaya ta yi aure a Gummi. Cikin fari ne da ita, wata bakwai, shi ya sa aka dawo da ita gaban uwarta goyon ciki, ta haihu a gida ta yi wanka a gida kamar yadda aka saba. Munira ta shiga yi mata sannu da zuwa ta same ta a bakin randa tana matse zani. Ta murɗa zanen, ruwa ya tsiyaye, amma hannun bai buɗe ba. Lubabatu ta buga shi a cinyarta sau biyu tana dariya, ta ce sanyin ruwa ne, haka yake mata tun tana budurwa. Cikin ya yi girman da ya wuce watanninsa, har matan gidan suna yi mata ba'ar tagwaye. Da Munira ta tambaye ta motsi, sai ta ce yaron malalaci ne, ya gado kakansa, kwana yake yi.

Lubabatu ba ta taɓa taka Abare ba.

Da yammacin ranar Munira ta jawo akwatin takardunta daga ƙarƙashin gado. A shekararta ta ƙarshe a jami'a, inda ta karanci sinadaran jikin ɗan Adam, ta haddace wani darasi don jarrabawa, ta ci, ta manta. A cikin rubutun gado da kowa ke ɗauke da shi a jininsa akwai wani wuri da haruffa uku ke maimaita kansu. Ga yawancin mutane sau goma ne ko ashirin. A wasu zuriya sai maimaicin ya yi ta ƙaruwa, ɗari, ɗari biyar, dubu. Jiki kan kwafi rubutun ya zama saƙon da ake kira RNA, sai wannan dogon kwafin ya ƙi fita inda aka aike shi, ya dunƙule a cikin ƙwayar halitta, ya riƙe ma'aikatan da ke gyara sauran saƙonni. Daga nan tsoka ta kasa saki, ido ya yi yana, barci ya yi yawa, bugun zuciya ya rikice. Ɗan da ya gaje shi yakan fi iyayensa samun ciwon da wuri. Mafi muni shi ne jaririn da ya karɓa daga uwa, wanda kan fito laƙwas, ba ƙarfin numfashi. A gefen shafin ta ga rubutun hannunta: malam ya ce da wuya a same shi a baƙar fata. Wannan layin ya hana ta sakat kwana biyu. Wace ce ita, mai koyar da 'yan aji huɗu, da za ta ga abin da likitoci ba su gani ba?

A rana ta uku ta kira Fa'iza, ƙawarta da ke aikin likita a Sakkwato, ta zayyana mata komai. Fa'iza ta ce ba za ta yanke hukunci ta waya ba, amma abin ya yi kama sosai. Ta ce a kawo uban a auna masa zuciya, don masu wannan ciwon, zuciya ce ke yanke musu ba sallama. Mai cikin kuwa kada a kuskura ta haihu a ɗaki, a kawo ta inda ake da abin taimaka wa jariri numfashi, kuma kada wani ya yi mata allurar barci bai san da zancen ba. Ta ce in Munira ta turo mata bayanan awon cikin, za ta nema mata likitan da zai karɓe ta.

Innar Munira tana tankaɗe lokacin da Munira ta gaya mata. Ba ta tsaya da rariyar ba. Ta ce shekara talatin suna maƙwabtaka da Hamsatu, matar Makau, ko gishiri bai taɓa haɗa su faɗa ba, kuma ba za a fara a kan karatun Munira ba. Cewa mutum cuta tana jininsu ba magana ba ce da ake ɗauka a kai gidan mutane kamar cefane. Lubabatu tana da ƙanne mata biyu da ba su yi aure ba, ta tuna da su?

Munira ta tuna da su. Duk da haka washegari ta shiga gidan Makau.

Ta tsara maganar tun a hanya, amma da ta durƙusa gaban Inna Hamsatu sai komai ya watse. Ta fara da zuciya, ta koma kan jariri, kalmomin Turanci suka riƙa faɗo mata a baki tana tura su baya. Hamsatu ta saurare ta tana tsince shinkafa, sannan ta tashi ta shiga ɗaki ta fito da wata takarda da ta sha ninki, ta asibitin da ake gwajin dalma.

"Ke ce mai karatu, karanta. Sun ɗibi jininai, sun ce akwai ta. Turawa ma sunka gani."

"Akwai ta, Inna, amma kaɗan ce. Kusan kowa a nan in an gwada shi za a samu. Lubabatu fa?"

"Lubabatu mi? Ciki ne. Ke ba ki yi ba, shi ya sa."

Munira ta ji kunya ta rufe ta har wuya. Ta mayar da takardar, ta yi sallama da muryar da ita kanta ba ta ji ba.

Makau ne ya tsayar da ita, ranar Talata, tana wucewa. Babu kowa a gindin itacen sai shi da bahon ruwan da yake neman huji a ciki. Ya ce ya ji an ce ta shigo musu da sabon karatu, shi ma a ba shi nasa. Ta tsuguna nesa kaɗan, idonta a kan bahon. Wannan karon ba ta nemi manyan kalmomi ba. Ta ce ya ɗauka an aiki mutum da saƙo, sai ya bi ta cikin ƙarangiya, ta manne masa har ya kasa fita ƙofa, kuma duk wanda ya zo wucewa ta ƙofar shi ma ta kama shi. Aikin gidan gaba ɗaya sai ya tsaya, ba don an rasa masu yi ba. Ta ce abin daga iyaye ake samunsa, ba laifin kowa ba ne, kuma ita ba ta tabbatar ba, gwaji ne kawai zai tabbatar.

Ya daɗe yana juya tiyub a cikin ruwa. Kumfa tana fita daga hujin, amma bai sa alama ba.

Ya ce mahaifinsa yana da shekara arba'in idonsa ya yi yana, duka biyun. Ya ce suna da ƙanwa, Husaina, wadda ba ta iya sakin taɓarya in ta yi daka, ana yi mata dariya. Haihuwarta ta fari ta zo da gardama, aka kai ta asibiti aka yi mata aiki. Ba ta farka ba, ɗan ma bai yi kuka ba. Wannan kuwa tun kafin a san akwai zinariya a ƙasar nan.

"To Baba, ka sani ke nan."

"Na sani mi? Na dai gani." Ya share bakinsa da bayan hannu. "Ran da anka ce mani dalma ce, Malama, wallahi daɗi naj ji. Dalma daga waje ta zo. Kowa na tausayin mai dalma. Wagga taki kuwa, ni na ba ɗiyata ita da hannuna."

Ya ce maganar kai Lubabatu Sakkwato ba a hannunsa take shi kaɗai ba, sai da yayansa Bature, wanda shi ne babban gida kuma shi ya ba da auren. Bature yana Nasarawar Burkullu wajen girbin gero, ranar Juma'a zai shigo. In an sauko masallaci zai zaunar da shi. Ta roƙe shi ya kira shi a waya yau, ya ce wannan ba zancen waya ba ne. Ta ce to shi ma ya je a duba zuciyarsa. Ya yi 'yar dariya ta hanci ya ce a fara da mai ciki, tsohuwar taya ba ta gaggawa.

Ranar Alhamis bayan azahar Makau ya jingina da dogon yaro, hularsa ta zamo kan goshi, hannayensa a cinya. Wani mai babur ya turo mashin ɗinsa, ya yi sallama sau biyu, ya yi tsaki ya wuce wajen mai facin bakin kasuwa. Mai tallan rake ya zauna a inuwar ya huta ya tashi. Hamsatu ta leƙo daga zaure da kwanon fura, ta ga yana barci, ta ajiye masa a gefe ta rufe da faifai don kada ta tashe shi. Munira ma ta wuce shi da ƙarfe biyu da rabi. Ta rage sautin takunta.

Sai da aka kira la'asar, maƙwabcinsu Labbo ya zo ya taɓa kafaɗarsa ya ce ya tashi haka nan, barcin ya isa. Makau ya sulale gefe ɗaya.

Kafin magariba an kai shi. Munira tana tsakar gidansu ta ji fitar makara, ta ji salatin maza yana nisa, kukan Lubabatu yana tsallako katanga siriri kamar ba na babba ba. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne ƙarfe biyu da rabin nan. Ba ta san ko a lokacin yana da rai ba. Ta san dai ita kaɗai ce a duk layin da aka gaya wa cewa zuciyarsa na iya tsayawa, kuma ta bi ta gabansa a hankali don kada ta dame shi.

A zaman makoki kalma ɗaya ce ke yawo. Duk wadda ta shigo ta yi gaisuwa, ta zauna, sai ta girgiza kai ta ce dalma ba ta barin mutum ko bayan shekara goma. Wata ta kawo labarin mijin ƙanwarta a ƙauyen Sunke. Wata ta ce Allah ya isa tsakaninsu da zinariya. Munira tana raba ruwa a kofuna, tana kallon Lubabatu a kusurwa, ƙafafunta a kumbure, numfashinta sama-sama saboda nauyin cikin. Ungozomar unguwa ta shafa cikin ta ce wannan ko wata tara ba zai kai ba, a fara tanadin itacen wanka.

Ranar addu'ar uku, da mutane suka ragu, Munira ta tsaya a bakin zaure inda Bature ke zaune shi kaɗai yana jan carbi. Sau biyu tana juyawa kafin ta yi sallama. Dattijo ne dogo mai furfura, lafiyayye, ko tabarau ba ya sawa. Ta durƙusa ta yi masa ta'aziyya, sannan ta faɗi abin da ya kawo ta, a jere wannan karon, ba ta tsallake komai ba. Ta ambaci Husaina.

Carbin ya tsaya.

"Wa ya ba ki labarin Husaina?"

"Baba ne, ranar Talata. Ya ce zai yi maka maganar ranar Juma'a."

"Yanzu da ba shi nan, kowa na iya cewa ya hwaɗa mishi magana."

"Baffa, ba ƙarya nake ba."

Ya ce bai ce ƙarya take ba. Ya ce ta dube shi, uwa ɗaya uba ɗaya suke da Makau, ga shi garau, da 'ya'ya tara garau. Ta ce haka abin yake, yakan kama wani ya bar wani. Ya ce to ashe ita ma ba ta sani ba. Asibitin da take kira shi ne ya karɓi Husaina da ƙafafunta ya maido ta a kwance. Hanyar Sakkwato kuma ta san halin da take ciki, ba kullum ake wucewa lafiya ba, ya ɗauki yarinya da tsohon ciki ya sa ta a kai saboda zato? Sannan in ya yi haka, me zai ce wa mutanen Gummi? Sun kawo matar ɗansu goyon ciki gidan ubanta, sai su ji an wuce da ita wani gari. Za su tambaya. In sun tambaya a ce musu me, jinin gidan ne ba shi da kyau?

"A ce musu likita ne ya ce."

"Wane likita ya gan ta? Ke?" Bai ɗaga murya ba. "Ɗiyata, kin yi karatu, Allah shi amfana. Mutumen ga ya rasu da sunan dalma, kowa ya yi mishi addu'a. Ki bar shi ya kwanta hakanan. Lubabatu ɗakin uwarta za ta haihu, in Allah ya so."

Ya ci gaba da jan carbinsa. Munira ta miƙe. Da ta juya sai ta ga labulen da ke tsakanin zaure da cikin gida yana motsi, da gefen farin mayafin takaba yana komawa ciki.

Kwana huɗu ba ta shiga gidan ba. Innarta ba ta yi mata faɗa ba, abin da ya fi faɗan ciwo, sai dai ta daina aiken ta can da abinci, ta koma kaiwa da kanta. Fa'iza ta kira sau biyu tana tambayar bayanan awon, Munira ta ce mata tukuna. A aji ta rubuta lissafi a allo ta tsaya tana kallonsa har yara suka fara surutu. Ta yi tunanin ta gaya wa Lubabatu kai tsaye, ta tuna mace ce mai kwana bakwai da rasa uba, wadda ko ƙofar gida ba za ta fita ba sai da izini. Ta yi tunanin kiran mijin a Gummi, ta san in ta yi haka ta gama da gidan nan har abada, kuma ƙannen nan biyu su za su biya. Kowace hanya ta bi sai ta tarar da mutum a tsaye a kanta, kuma kowannensu yana da gaskiyarsa. Ta katanga tana jin ana sauke itacen wanka, dami bayan dami.

Ranar Asabar da hantsi innarta ta tafi barka a wata unguwa. Munira tana zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinta tana duba littattafan yara, sai ta ji takun mutum a zaure, ba sallama. Inna Hamsatu ce, a lulluɓe da mayafin takaba har goshi, ita da ko bakin ƙofarta ba ta leƙa ba tun ranar Alhamis ɗin. Ta rame. Munira ta yi zumbur ta miƙe, ta gaishe ta, ta jawo mata kujera. Hamsatu ba ta zauna ba. Ta tsaya tana kallon littattafan da ke baje a tabarma, da jan biron da ke hannun Munira, ta daɗe.

Sannan ta sa hannu cikin mayafi ta fito da wani kati mai ruwan hoda a cikin leda, katin awon cikin Lubabatu, da sunanta a rubuce a sama. Ta sunkuya ta ɗora shi a kan littafin da ke buɗe. Iska ta ɗaga gefen ledar, sai ta ɗauki wani ɗan dutse a ƙasa ta danne shi.

"Inna, Baffa ya sani?"

Hamsatu ta gyara mayafinta, ta juya, ta bi ta zaure a hankali, tana taka gefen bango inda ba za a hango ta daga titi ba.